Ajiyar da Ta Faɗa Ƙasar Kano

Na yi aikace-aikace da yawa a kan waya da kwamfuta, wasu ko sunansu ba na iya tunawa yanzu. Amma akwai wani kuskure guda da yatsana ya tafka shekarun baya, wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Duk lokacin da na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi, ko da kuwa a tsakiyar Kasuwar Jalingo nake rana tana dukan ƙeyata.

Abin ya faro ne daga wani abokina ɗan Mumuye da muka yi makaranta tare. Bautar ƙasa ta kai shi kudu, ya dawo mana da wani wasa wanda mahaifina ya raɗa wa suna wasan manya marasa aikin yi. Ga yadda yake. Mutum zai sami ƙaramar roba mai murfi, ya zuba tarkace a ciki, maɓalli ko zoben makulli ko tsohon kwabo, ya je ya ɓoye ta a ƙarƙashin dutse ko cikin kogon bishiya. Sai ya ɗauki lambobin wurin da waya ya sanar wa sauran masu wasan. Su kuma su bi lambobin har su gano ta, su ɗauki abu ɗaya su bar wani, su mayar da robar inda suka same ta. Shi ke nan, ba kyauta ba kofi. Robar muna ce mata ajiya, wasan kuwa neman ajiya.

Da farko dariya na yi masa har da riƙe ciki. Amma wata Asabar ya ja ni muka hau wani tsauni a bayan gari, na zura hannu cikin tsagar dutse ina addu'ar kada kunama ta riga ni zuwa. Da yatsuna suka taɓa roba, wallahi ihun da na kurma ko ɗan yaye ba zai yi irinsa ba. Tun daga ranar na kamu, kuma ba ni kaɗai ba. Akwai wata malamar asibiti, da wani tela, da 'yan jami'a kaɗan, duk muka zama masu leƙen gindin duwatsu.

Matsalarmu ɗaya, manhajojin da ake wasan da su ba don mu aka yi su ba. Duk Turanci ne, kuma da ka hau tsauni netwok ya ɗauke sai su zuba maka ido. Abokina ne ya tasa ni a gaba da irin Hausarsa wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Manhajan nan ba ya jin Hausa, kuma yana shan data kamar kunu. Kai ba kana yin kwamfuta ba? Yi mana namu mana."

Haka na zauna a ɗakina a gidanmu da ke unguwar Turaki, ina kokawa da ɗaukewar wuta da zafin kwamfuta, har na haɗa tamu. Tana magana da Hausa, tana aiki ko babu netwok, tana da kibiya mai nuna maka inda za ka dosa. Na kuma saka mata wurin da mai ajiya zai naɗi muryarsa ya ba da satar amsa, domin telan nan ya ce karatu a waya yana sa shi ciwon kai. Sai ga mutane suna barin satar amsa da Fulatanci, da Mumuyanci, da Jukunanci. Aka yi ta tura manhajar daga guruf zuwa guruf har ta fita daga Taraba. Mutanen wasu garuruwan sukan sauke ta, su ga babu ajiya ko ɗaya a kusa da su, su goge abinsu.

Dole in ɗan yi bayani a nan, don a nan abin yake. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu. Ta farko tana faɗin yadda wurin ya yi arewa, ta biyu tana faɗin yadda ya yi gabas. Jalingo ta farkonta takwas ce da ɗoriya, ta biyun kuwa goma sha ɗaya da ɗoriya. A manhajata akwai akwati biyu, kowace lamba da nata.

Wata rana na yi ajiya a gindin wani dutse mai kama da tukunya a kife. Wayata ta mutu a hanya, sai abokina ya ɗauki lambobin da tasa ya turo mini daga baya. Na zauna a tsakar gida na shigar da su da hannu, ina yi ina musu da ƙanwata a kan wanda ya shanye mini kunun gyaɗa. Na danna, na manta da zancen. Mutanenmu suka yi ta tambaya ina sabuwar ajiyar da na yi alkawari, ba ta fito musu ba. Na ce ƙila netwok ne ya haɗiye ta, zan duba.

Kafin in duba sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Muryar namiji ce, Hausarsa ta Kano tsantsa, kuma a fusace yake.

"Malam, kai ne mai manhajar nan? Kai ka san girman Allah kuwa? Ina tsaye a tsakiyar gonar dawar mutane, ba dutse ba tukunya. Ga mai gonar can ya taho da fartanya a kafaɗa, me zan ce masa nake nema?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina kake?"

Ya ce yana can kudancin Kano, wajen Sumaila. Malamin gona ne, aikinsa zagaya ƙauyuka a kan babur. Ya sauke manhajar tun da daɗewa don marmari, taswirarsa kullum fayau, sai kwatsam ya ga ajiya ɗaya tal ta ɓullo kusa da shi. Murna ta sa ya baro hanya ya kutsa gonar mutane.

Na buɗe kwamfuta na duba, sai na ga abin da na yi. Lambar gabas na zuba a akwatin arewa, ta arewa kuma a akwatin gabas. Na ba shi haƙuri, muka ɓige da dariya, ya ce bari ya je ya lallashi mai fartanya. Amma bayan ya kashe na daɗe ina kallon taswirar. Ashe idan ka juya lambobin Jalingo, ƙasar Kano kake faɗawa. Na gwada na Legas don in gani, suka jefa ni cikin teku. Mu kuwa namu suka ɗauke mu suka dire a ƙasar da kowa a gidanmu yake cewa daga can muka fito, ko da yake yawancinmu ba mu san ta ba sai a baki.

Na fito tsakar gida ina ba su labari. Kakata, wadda ta haifi mahaifina, tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ni da ita ba ma rabuwa da tsiya. Tana ce mini mai gidan da ba ya cefane, ni kuma ina ce mata amarya mai haƙori uku. Na zata za ta ce ga sakamakon zama da akwatin aljanu, kamar yadda ta saba. Amma da na ambaci Sumaila sai na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faifai.

"Wane gari ka ce?"

Na maimaita.

"Can ake kai ƙirar babanmu ranar kasuwa," in ji ta. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai tsoron kada kalmar ta fashe.

Dukanmu mun san tarihin Kaka, amma sanin sama-sama. 'Yar maƙera ce daga wani ƙauye. Tana yarinya aka ba wa gwaggonta riƙonta, mijin gwaggon kuwa falke ne, suka gangaro da ita har Lau ta ƙasar Muri, a bakin Binuwai, lokacin da jiragen ruwa suke zuwa ɗaukar kaya. Gwaggon ta rasu ba da daɗewa ba, mijin ya bi ta, hanya ta yanke. Kaka ta girma a hannun maƙwabta, ta yi aure, aka dawo Jalingo, Fulatanci ya kama bakinta har ya fi nawa. Ta baro iyaye, ta kuma baro ƙane guda ɗaya wanda ya fara wayo, mai bin ta duk inda ta sa ƙafa. Iyayen ta san ƙasa ta daɗe da rufe su. Ƙanen ne ba ta sani ba, ko yana raye ko ya mutu, kuma shi ne abin da ke cin ta. Mahaifina ya taɓa zuwa Kano nema, amma sunan ƙauyen da ta riƙe irin sunan nan ne da ƙauyuka barkatai suke da shi, kuma ba ta iya ce masa ga ɓangaren da zai dosa ba. Sunan garin kasuwar ya ɓace mata tun tana budurwa. Sai ranar nan da ya fito daga bakina ya dawo mata.

Na kira malamin gonan na faɗa masa. Na yi tsammanin zai ce Allah ya sa a dace ya kashe wayarsa, don me ya haɗa shi da mu? Sai na ji ya ce, "To ai ka ba ni ajiya ta gaske ke nan. Waccan ta bogi ce, wannan ka saka mini ita a manhaja." Masu wannan wasa haka suke. Ka ce musu akwai abin da ya ɓuya, ba za su ƙara samun sukuni ba.

Sai da na yi wa manhajar gyara, domin ban taɓa tunanin za a yi ajiya marar lambobi ba. Na buɗe sabon nau'i, ajiyar da babu kibiya, sai murya kaɗai. Na zauna gaban Kaka na kanga mata waya a baki. Ta harare ni ta ce, "Yanzu a cikin wannan abin zan yi magana mutanen Kano su ji? To gyara mini ɗankwali." Na ce mata murya ce kawai, ba hoto. Ta ce ina ruwana, a gyara.

Daga nan ta fara. Ta ce akwai kukoki biyu da suka haɗe gindi a bakin gari. Akwai rijiya kusa da wani falalen dutse inda mata suke shanya tsaba. Maƙerar babansu a ƙarƙashin tsamiya take. Idan za a je kasuwa sai an haye rafi, da damina a kafaɗa ake ɗaukar yara. Ta faɗi sunan mahaifinta da na ƙanenta, ta ce ita ce wadda aka tafi da ita Muri. Ina sauraro ina mamaki, matar da takan manta inda ta ajiye carbinta, ga ta tana zana gari ƙofa-ƙofa. Hausarta ma ta sauya a cikin maganar, ta koma wata iri da ban taɓa ji a bakinta ba.

Malamin gona ya ɗauki muryar nan ya shiga ƙauyuka da ita. Duk inda ya tara manoma don zancen iri ko taki, in an gama sai ya ce a dakata, ya kunna. Wasu mutum biyu a Kano da suka ga ajiyar a manhaja suka shigo ciki, suna fita ranar hutu. Ni kuma a nan Jalingo ina zana musu duk inda aka riga aka je, don kada a maimaita. Abokina ɗan Mumuye kullum sai ya leƙo gidanmu ya durƙusa ya ce, "Kaka, ka yi haƙuri, za a samu shi." Ita kuma ta ce, "Useko, ɗan nan," wato godiya da Fulatanci, ta tura masa ƙosai.

Abin bai zo da sauƙi ba. An sami kukoki biyu a wani ƙauye, babu rijiya. An sami maƙera a wani, suka ce su baƙi ne, kakansu daga Zariya ya zo. Sau da yawa malamin yakan turo hoto in kai wa Kaka, ta kawo shi dab da ido, ta girgiza kai. Damina ta wuce, aka yanke dawa. Ana cikin haka Kaka ta kwanta ciwo, ƙafafunta suka kumbura, abinci ya daina shiga. Ta daina tsokanata, wannan kuwa ya fi komai tayar mini da hankali. Wata safiya na kai mata kunu ta ce, "Mai gida, in mutanen naka ba su samu ba, ka ce su huta. Na gode musu." Na fita waje na tsaya a bayan ɗaki, ina jin haushin kaina da na tono mata abin da ta riga ta haƙura da shi.

Kiran ya zo wata Talata da hantsi. Malamin gona ya ce, "Malam, kana kusa da Hajiya? Zauna tukun." Ya ce a wata kasuwar ƙauye ya kunna muryar, wani tsoho mai sayar da igiya ya ce kukokin sun faɗi tun yana saurayi, rijiyar kuma an cike ta, shi ya sa ba a gane wurin ba. Amma ya san gidan maƙeran da aka ce an kai 'yarsu Muri, sun koma hayin rafi. Malamin ya ce yanzu haka a zauren gidan yake. Sai ya sassauta murya.

"Ƙanen nata Allah ya yi masa rasuwa, shekaru kaɗan da suka wuce. Amma ga babbar 'yarsa, tana so ta yi magana."

Na rasa yadda zan yi. Mahaifina ya karɓi wayar ya shiga ɗakin, ya durƙusa ya faɗa wa Kaka. Ta yi salati, sannan ta ce a tayar da ita zaune. Muka mayar da kiran na bidiyo. Fuskar wata dattijuwa ta bayyana, hoton yana tsayawa yana tafiya, mutane cike a bayanta suna leƙe. Na ji ana ce mata, "Yaya, matso da ita sama. Yaya, yi magana mana." Har wani tsoho da ya girme ta nesa ba kusa ba, Yaya yake ce mata.

Suka gaisa a ɗarare, irin gaisuwar waɗanda ba su tabbatar da juna ba. Kaka ta ce, "Ke kuwa me ya sa kowa yake ce miki Yaya, har da tsofaffi?"

Matar ta ce, "Sunan yayar Baba aka sa mini. Shi kuwa ba ya iya faɗin sunan, sai ya ce Yaya. Tun ina cikin zanen goyo haka yake kirana, har gari ya ɗauka."

Na ga hannun Kaka ya damƙe bakin zani.

Matar ta ci gaba. "Yakan ba mu labari. Ya ce ranar da za a tafi da ke, ya riƙe miki zani yana kuka, ya ƙi saki. Sai kika ce ku yi wasan ɓuya. Kika kai shi bayan rumbu kika ce ya rufe ido. Ya ce, Yaya in buɗe? Kika ce tukuna. Ya sake tambaya, kika ce tukuna, muryarki tana nisa. Da ya tambaya na uku bai ji kowa ba. Ya ce ya daɗe a wurin idonsa a rufe, don kada ki ce ya yi maguɗi."

Babu wanda ya taɓa jin wannan labari a gidanmu, ko mahaifina. Kaka ba ta faɗe shi a cikin muryar da na naɗa ba, ba ta faɗa wa kowa ba tsawon rayuwarta. Ga shi yana fitowa daga bakin matar da ba mu taɓa gani ba, daga wani zaure a hayin rafi. Ni dai na zauna a ƙasa da wayar a hannu, sai ƙanwata ce ta karɓa ta riƙe.

"Haka aka yi," in ji Kaka. "Wallahi haka aka yi. Ya yi fushi da ni?"

"Fushi kuma, Gwaggo? In ya ba da labarin dariya yake yi, ya ce yayata ta fi kowa iya ɓuya a duniya. Har ya tsufa in baƙo ya zo daga gabas sai ya tambaye shi. Ranar da zai cika ma ya yi ta kira, Yaya, Yaya. Na ce ga ni, Baba. Ya ce ba ke ba."

A nan ne Kaka ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin tsoho ya yi ba. Can ɓangaren ma kuka ake, har malamin gona na hango yana share ido da hular kwano a hannu. Da ta lafa sai ta jawo wayar kusa da bakinta. Ba da matar take magana ba, duk mun gane haka.

"Buɗe idonka," ta ce. "Ga ni."

Allah ya ara wa Kaka kwana har 'yar ƙanen nata ta zo Jalingo da 'ya'yanta, suka cika mana gida, suka yi ta mamakin girman doyarmu. Kaka ba ta sami ƙarfin zuwa ganin kabarinsa ba, amma ta rasu da wadda za ta ce mata Gwaggo a gefenta. Daga baya na auna a taswira, tsakanin gonar dawar da kuskurena ya faɗa da ƙauyen maƙeran ba wata tafiya ba ce a kan babur. Na gyara manhajar yadda in mutum ya juya lambobi za ta tambaye shi ko ya tabbata. Amma ina gyarawa ina tunanin cewa da na yi wannan gyaran tun farko, da Kaka ta tafi da tambayarta.

Na yi karatun lissafin nan, na san dalilin da ya sa lambobin suka faɗa inda suka faɗa. Abin da ban sani ba, kuma na daina neman sani, shi ne wanda ya karkatar da yatsana a daidai ranar, ya ajiye mai babur a daidai wurin, alhali saura kaɗan lokaci ya ƙure. Na koyi cewa Allah yana iya ɓoye alheri a cikin kuskuren bawa, bawan yana can yana musu a kan kunu. Na kuma koyi abin da ya fi wannan kusa da ni. Yaro ya tsaya a bayan rumbu yana jiran kalma ɗaya har ya yi furfura ya mutu bai ji ta ba. Shi ya sa yau, ko me nake yi a gaban kwamfuta, idan wani nawa ya kira ni ba na ce masa tukuna. Ajiye aikin nake yi in ce ga ni.